Baƙon da Ba Ya Kwana

Da misalin ƙarfe takwas na safe jirginmu ya ɗaure a tashar Las Palmas, babban birnin tsibirin Gran Canaria, ɗaya daga cikin tsibiran Kanari na ƙasar Sifaniya. Tun ba a sauke matakala ba aka sanar ta lasifika cewa duk wanda ƙarfe huɗu da rabi na yamma ta yi masa a cikin gari, to ya nemi hanyar da zai cim mana a tsibiri na gaba, don jirgi ba ya jiran kowa. Awa takwas da rabi ke nan aka yanka mana mu ga tsibirin da mutum sama da 800,000 ke rayuwa a kansa.

Na fi shekara ashirin ina aikin fitar da kaya daga tashar Apapa, gidana kuma yana Agege. Jiragen ruwa ba baƙi ba ne a wurina, amma na kwantena da na mai na sani. Jirgin shaƙatawa, mai hawa goma sha wani abu, da wuraren ninkaya a samansa da ɗakunan cin abinci kamar unguwa guda, ban taɓa taka shi ba sai da ƙanena da ke aiki a Ingila ya matsa, ya biya mana ni da uwargida tafiyar kwana goma sha biyu daga Southampton zuwa tsibiran Kanari. Allah ya saka masa da alheri, mun huta, mun ga ikon Allah a kan teku. Amma na dawo da wani abu da ya tsaya mini a rai.

Da na dawo, wani dare bayan isha'i ina nuna wa 'yan majalisarmu hotuna a teburin mai shayi, sai wani ɗan abokina ya ce, "Kawu, ina ma a ce irin wannan jirgi yana tsayawa a Legas. Ai da Turawa 3,000 sun sauka rana ɗaya, kowa ya samu." Duk majalisa ta ce gaskiya ne. Ni kaɗai na ce a dakata tukuna. Na kasance ɗaya daga cikin waɗannan dubbai a garin wasu, na kuma san abin da na bar musu da na tafi.

Ga yadda ranar ta kasance. Tun muna tsakiyar teku aka sayar mana da tikitin zagaya gari a wani ofishi da ke cikin jirgin. Muna sauka, motocin bas na jere a bakin tasha, kowace da lambarta, mu ma an manna mana lamba a ƙirji. Yanayin garin ya tuna mini Jos a ƙarshen damina: rana ta fito amma ba ta cizo, ga iska mai daɗi daga teku. Aka hau da mu dutse zuwa Bandama, wani wawakeken rami na tsohon dutse mai aman wuta, faɗinsa kusan kilomita ɗaya, zurfinsa wajen mita 200. Mai yi mana jagora ta ce minti goma sha biyar. Muka ɗauki hoto, muka koma mota. Daga nan sai Vegueta, tsohuwar unguwar da aka kafa birnin a kanta a 1478, da babban cocin Santa Ana, da gidan tarihin da ake kira Gidan Kolumbus. A 1492, a kan hanyarsa ta zuwa nahiyar Amurka, Kolumbus ya ratso wannan tsibiri don a gyara ƙarfen juya akalar ɗaya daga cikin jiragensa uku, mai suna Pinta. Minti arba'in a nan. Sai wani shago da aka ce mu shiga mu sayi tsaraba, wanda a fili yake an riga an shirya da shi, don bas huɗu na tarar a ƙofarsa. Kafin ƙarfe ɗaya da rabi mun koma cikin jirgi muna cin abincin rana, tunda an riga an biya kuɗinsa a cikin tikiti.

A shagon nan ne uwargida ta ɗauko wani ƙunshin gari ta shinshina ta ce, "Alhaji, wannan ai ƙamshin garin dakuwa yake yi." Gofio suke kiransa, hatsi ne ake soyawa a niƙa, abincin mutanen farko na tsibiran tun kafin zuwan Turawa. Waɗannan mutane daga arewacin Afirka suka fito, dangin Abzinawa ne ta wajen asali da harshe, kuma sai a 1483 Sifaniyawa suka gama cinye Gran Canaria da yaƙi. Bayan nan aka dasa rake, aka kawo bayi daga Afirka suna nomansa. Akwai gidan tarihi guda, Museo Canario, 'yan layuka kaɗan daga cocin da aka kai mu, inda aka ajiye kayan waɗannan mutanen farko har da gawawwakinsu. Ba ya cikin jadawali. Hatta ƙurar da kan rufe musu sama wani lokaci, wadda suke ce wa calima, ƙurar Sahara ce, 'yar uwar hazon hunturunmu. Tsibiran nan tazarar mafi kusa daga cikinsu da gaɓar Afirka ba ta wuce kilomita 100 ba. Amma a cikin awa biyar ɗin da muka yi a mota, da ƙyar aka ambaci Afirka sau biyu.

Da la'asar na sake sauka ni kaɗai na taka zuwa bakin ruwan Las Canteras, wanda bai da nisa da tasha. A ƙofar fita na tambayi wani mai tasi nawa zai kai mutum wuraren da aka kai mu da safe. Kuɗin da ya faɗa na mota sukutum bai kai abin da mu biyu muka biya a jirgi ba. A nan na fara fahimtar lissafin, kuma lissafi ne da duk ɗan kasuwa zai gane. Kamfanin jirgi shi ke sayar da zagayen, ya cire babban kasonsa, ragowar ya ba kamfanin motocin da ke ƙasa. Makamin da yake riƙe fasinja da shi kuwa tsoro ne: in ka bi motarmu aka makara, jirgi zai jira, in ka bi taka, kai ka sani. Baƙon da bai san gari ba, bai jin yaren, ga fasfo ɗinsa da kayansa a cikin jirgi, wace zai zaɓa? Wurin kwana na jirgi ne. Abinci na jirgi ne. Da an bar tasha da yamma shagunan cikin jirgi da gidan cacarsa suke buɗewa, aljihun da ya ƙi buɗuwa a gari ya buɗe a can. Yawancin manyan jiragen nan ma ba a ƙasashen masu su aka yi musu rajista ba, tutar Bahamas ko Panama ko Malta ko Bermuda suke ɗagawa, saboda sauƙin haraji da dokokin ƙwadago. Masu gyara mana ɗaki da kawo abinci, 'yan Filifin da Indiya da Indonesiya, watanni suke yi ba su ga iyalinsu ba.

Na lissafa abin da ya fita daga hannuna zuwa hannun ɗan gari a ranar: kofin gahawa ɗaya, ƙunshin gofio ɗaya, da wani ɗan abin mannawa a firji da na juya bayansa daga baya na ga a Sin aka ƙera shi. Garin kuwa ya ba ni titinsa, da inuwarsa, da bakin ruwansa, ya shaƙi hayaƙin jirginmu da injinsa bai mutu ba duk yinin don ya ba ɗakuna wuta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Mutanen tsibiran sun fara faɗin haka da bakinsu. Ranar 20 ga Afrilun 2024 dubun dubatarsu suka fito tituna a tsibirai daban-daban da taken cewa Kanari tana da iyaka. Su wajen miliyan 2.2 ne kawai, amma baƙin da ke zuwa musu a shekara sun haura miliyan 15. Yawon buɗe ido na samar da kusan kashi 35 cikin ɗari na tattalin arzikinsu, duk da haka albashinsu na cikin mafi ƙanƙanta a Sifaniya, kuma kusan mutum ɗaya cikin uku yana bakin talauci. Gidajen haya an mayar da su masaukin baƙi na 'yan kwanaki, har ta kai wasu ma'aikatan otal suna kwana a cikin mota. Ba su kaɗai ba ne. A 2021 Italiya ta hana manyan jiragen shaƙatawa ratsa tsakiyar birnin Venice. Dubrovnik ta ƙasar Kuroshiya ta taƙaita adadin jiragen da za su tsaya mata a rana. Girka ta sa wa kowane fasinjan jirgi harajin yuro 20 in zai sauka a Santorini ko Mykonos a lokacin da baƙi suka fi yawa.

Adalci ya sa in faɗi ɗaya ɓangaren. Mafi yawan cunkoson Kanari na masu zuwa ta jirgin sama ne, kuma fasinjan jirgin ruwa bai ƙwace wa kowa gidan haya ba, tunda da ɗakinsa ya zo. Tasha na karɓar kuɗin tsayuwa, ana sayar wa jirgi mai da ruwa da kayan lambu, direban bas da matar da ta yi mana jagora sun ci abinci a ranar ta dalilinmu. Ban ce babu amfani ba. Abin da nake cewa shi ne rabon bai yi daidai da wahalar ba, kuma wanda ya tsara rabon shi ne mai jirgi.

Akwai kuma abin da tagar bas ba ta nunawa. A bakin Las Canteras na ga wani saurayi baƙar fata ya shimfiɗa tabarau da jakunkuna a kan ƙyalle. Na yi masa sallama, ya ɗago da sauri ya amsa cikakkiya, har da wa barakatuhu. Ɗan Senegal ne. Da guntun Larabci da guntun Faransanci da nuni da hannu na gane cewa shi ma ta teku ya zo, a cikin kwalekwalen masunta, kwana bakwai. Ya tambaye ni ta ina na zo, na nuna masa jirginmu da ke hango mu ta saman gidaje. Bai ce komai ba, ya gyara jerin tabarau ɗinsa. Na sayi ɗaya, muka yi musabaha, na koma don lokaci ya ƙure.

A 2023 mutum kusan 40,000 ne suka isa tsibiran Kanari ta irin wannan hanya daga gaɓar Senegal da Muritaniya da Gambiya da Moroko. A 2024 adadin ya haura 46,000, mafi yawa da aka taɓa gani. Da yawansu a El Hierro suke sauka, ƙaramin tsibirin da mazaunansa ba su wuce 11,000 da 'yan kai ba. Waɗanda teku ta ci ba wanda ya san iyakarsu sai Allah. Ƙungiyar Caminando Fronteras ta ƙiyasta sun haura 9,000 a wannan hanya a 2024 kaɗai. A ƙarshen 2020, a wani ɗan dandamalin tasha da ke Arguineguín, kudancin wannan tsibiri da aka zagaya da mu, mutum sama da 2,000 sun yi ta kwana a ƙasa suna jiran a san yadda za a yi da su.

Mu 'yan Apapa kuwa akwai hoton da ba za mu manta ba. A ƙarshen Nuwamban 2022 masu aikin ceto na Sifaniya suka fitar da hoton samari uku zaune a kan ƙarfen juya akalar wani jirgin mai, Alithini II, ƙafafunsu na lilo dab da ruwa. Daga Legas jirgin ya tashi. Kwana 11 suka yi a wannan lungu kafin ya iso Las Palmas, aka kwashe su zuwa asibiti, ƙishirwa da sanyi sun galabaitar da su. Da na tsaya a saman jirginmu ina kallon jiragen man da ke jiran shiga tasha, su na tuna. Jagorarmu ta ba mu labarin ƙarfen jirgin Kolumbus da aka gyara shekara 500 da suka wuce. Na samarin Legas bai shiga bayaninta ba, kuma ban ga laifinta ba, abin da aka biya ta ta faɗa ke nan. Ni da na shigo da biza a fasfo na san abin da takardar ta ci: kuɗin nema yuro 90, ban da na dillalai da takardun banki, ga shi ana ƙin fiye da kashi 40 cikin ɗari na masu nema daga Najeriya, ba a kuma mayar wa kowa kuɗinsa.

Dattawan Apapa suna ba da labarin zamanin da hanyar nan take a buɗe. Jirgin fasinja na kamfanin Elder Dempster mai suna Aureol yakan tashi daga Apapa zuwa Ingila, ya ratsa Freetown da Las Palmas, ɗauke da ɗalibai da ma'aikata da 'yan kasuwa, har zuwa 1974 da jirgin sama ya kashe masa kasuwa. Ashe tsakanin Legas da wannan tsibiri akwai tsohuwar sanayya.

To mu dawo gida. Wasu jiragen shaƙatawa na bin gaɓar Afirka ta Yamma, suna tsayawa a Dakar da Banjul da Takoradi da Lome da Kwatano, amma ba kasafai suke leƙo Legas ba. Dalilan sanannu ne: tsoron 'yan fashin teku da ya daɗe yana bin mashigin Gini, wahalar biza, da halin da hanyar Apapa ke shiga in tireloli suka toshe ta. Waɗannan abubuwa ana iya gyara su, wasu ma an fara. Ga tashar Lekki mai zurfi da aka buɗe a 2023, ga yadda garin ke cika da baƙi duk watan Disamba. Ina kyautata zaton wata rana jiragen za su zo. Abin nunawa kuwa muna da shi: gidan tarihi na Onikan, Freedom Park da ke kan tsohon kurkukun Broad Street, gadar sama ta gandun Lekki mai tsawon mita 401, da Badagry, inda gidan benen 1845 yake, da hanyar da aka bi da bayi a tsibirin Gberefu zuwa bakin teku.

Tsorona shi ne a yi mana irin zagayen da aka yi da ni. Bas mai baƙin gilashi da 'yan sanda a gaba, minti goma sha biyar a nan, minti ashirin a can, shago ɗaya na wani mai hanya da gwamnati, a koma jirgi cin abinci. Ɗan'uwanmu mai sayar da jakar fata da takalmi da tsakiya a kasuwar Jakande ta Lekki, wanda kayansa daga Kano da Sakkwato suke zuwa, ba zai ga ko ƙeyar baƙo ba. Mai tsire na Obalende haka. Badagry kuwa, wurin da ya kamata mutum ya tsaya ya yi shiru ya yi tunani, ba ta shiga cikin awa takwas in aka cire zuwa da dawowa a gosulon Legas. Ko dai a tsallake ta, ko a mayar da ita wurin ɗaukar hoto a guje.

Akwai abin da ya fi wannan ɗaga mini hankali. Mun san yadda ake share wuri a garin nan in an ce za a ƙawata shi. Mutanen Otodo Gbame an rushe musu matsuguni a bakin ruwa tsakanin 2016 da 2017, dubbai suka kwana a cikin kwalekwale. A Janairun 2020 aka tashi mazauna Tarkwa Bay cikin 'yan awanni. Makoko kullum cikin fargaba take, alhali ita ce ake kai baƙi su ɗauki hoto daga cikin jirgin kwalekwale kamar ba mutane ne a gidajensu ba. Ranar da aka ce babban jirgi zai shigo ta bakin ruwan Legas, wa kuke zaton za a fara cewa ya ɓata wa baƙi gani? Mai tura baro, da mai wankin takalmi, da mai yankan farce, da mai shayi. Da yawansu namu ne. Wanda ya ga yadda haramcin acaba na 2022 ya watsa samarinmu a rana ɗaya ya san ba zato nake yi ba.

Don haka ni ba cewa nake kada su zo ba. Baƙonka annabinka, haka aka rene mu. Amma mai gida ke faɗin inda baƙo zai zauna. In za a ba jirgi wurin ɗaurewa, a sa masa sharaɗin ya kwana, ko da dare ɗaya ne, don mutanensa su ci abincin dare a gari, a kuma samu yinin da zai isa Badagry. A sa haraji a kan kowane fasinja kamar yadda Girka ta yi, a rubuta a fili cewa kuɗin na unguwannin da aka ratsa ne, a riƙa buga lissafinsa kowa ya gani. Masu jagora su zama 'yan wurin da ake nunawa, ɗan Badagry ya ba da tarihin Badagry da bakinsa. A keɓe fili dab da tasha inda ƙananan 'yan kasuwa za su baje kaya bisa ƙuri'a, ba bisa sanayya ba. Shugabanninmu na kasuwa da sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da Mile 12 su nemi kujera a teburin tun ana shawara, kada su jira sai an zo tashin mutanensu sannan su tafi roƙo. Kuma a rubuta, a sa hannu, cewa ba za a rushe gidan kowa ba saboda idon mai wucewa.

Mu ma da Allah ya hore wa tafiya akwai namu. 'Yan Najeriya masu shiga irin waɗannan jirage suna ƙaruwa, daga Dubai, daga Barcelona, daga Ingila. In na sake samun dama ba zan sayi tikitin bas a cikin jirgi ba. Zan sauka da wuri, in zaɓi wuri ɗaya in tsaya a kansa, in ɗauki tasin ɗan gari, in ci kifi da dankalinsu a ƙaramin gidan abinci, in tambayi inda masallaci yake, don akwai Musulmi a Las Palmas, in dawo da awa guda a hannu.

Makon jiya na je kasuwar Jakande sayen takalmi wurin wani dattijo ɗan Kano da muka daɗe muna ciniki. Na ba shi labarin tafiyar da muhawarar majalisarmu. Ya saurara har na gama, yana goge wata jaka da tsumma, sannan ya ce, "To Alhaji, in sun sauka a Apapa ƙarfe takwas, ƙarfe nawa za su iso nan?" Muka zauna muna lissafi: fitowa daga tasha, Ijora, gadar Eko, Ozumba Mbadiwe, sannan titin Lekki, a ranar aiki. Ya ƙirga da yatsunsa, ya ƙara da lokacin komawa, ya ce in an yi sa'a za su samu minti ashirin a kasuwar, kuma shagonsa yana layi na huɗu daga ƙofa.